Haƙƙin mai kaya idan kuɗin gyara ya zarce abin da aka faɗa

Garanti shi ne lokacin da kamfani ya yi alkawarin gyara waya, talabijin ko kwamfuta kyauta in ta lalace ba da laifin mai ita ba. Yawanci shekara ɗaya ne. Da ya ƙare, mai kaya ne zai biya, kuma a nan ne rigima ke tashi: an kai waya a kan dubu biyar, ranar karɓa a ce dubu goma sha biyu, wai an canza wani abu a ciki, ko kuma a nemi "kuɗin dubawa" da ba a ambata ba.

Dokar da muka ga ta fi fayyace wannan ita ce ta kare masu saye ta Afirka ta Kudu, ta shekarar 2008, wadda ta fara aiki a 2011. Sashe na 15 ya hana mai gyara cajin komai sai ya ba mai kaya ƙiyasin kuɗi kuma ya amince, ko mai kayan ya yafe ƙiyasin a rubuce, ko ya yanka iyakar da ba za a wuce ba. Kuɗin dubawa ma ba ya halatta sai an faɗe shi tun farko an yarda. In ana cikin aiki aka gano wata matsala, dole a dakata, a sanar da mai kaya ƙarin, a jira izininsa. Sashe na 57 ya ba gyaran kansa garantin wata uku, na 67 kuma ya ce a mayar wa mai kaya sassan da aka cire. Wannan na ƙarshen yana da amfani ƙwarai, domin da shi ne ake gane ko an canza batirin da gaske.

A Ingila, dokar 2015 ta ce in ba a yanka farashi ba, mai kaya zai biya abin da ya dace ne kawai, ba abin da mai gyara ya ga dama ba. A Najeriya, hukumar FCCPC ce ke karɓar irin waɗannan koke-koke.

Malaman fiƙihunmu ba su bar wannan babi ba. A mazhabar Malikiyya, sharaɗin ijara ne lada ya zama sananne kafin aiki. In ba a yanka ba aka yi aikin, sai a koma ga ladan da masu sana'ar suka saba karɓa a irin wannan aiki. Haka kuma mai sana'a yana lamunin kayan da suka ɓata ko suka lalace a hannunsa, sai in ya kawo shaidar cewa ba sakacinsa ba ne, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid.

Mai gyara shi ma yana da haƙƙi. Ba kowace matsala ake gani ba sai an buɗe na'ura, kuma lokacinsa ba na banza ba ne. Abin da ba shi da shi shi ne ikon kashe kuɗin wani ba da saninsa ba.

Saboda haka kafin a bar kaya, a karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'urar, matsalarta da farashin, ko da saƙon WhatsApp ne. In saɓani ya taso, a fara da shugabannin ƙungiyar masu gyara na kasuwar kafin a je hukuma ko kotu.