Da Izinin Wa? Tarihin Hoton Titi a Khartum da Omdurman

Hoton bazata shi ne wanda ake ɗaukar mutum yana cikin harkarsa, a kasuwa ko a bakin titi, bai shirya ba, bai ko gyara zaman hularsa ba. Mai son fara wannan sana'a yakan soma da tambayar kyamarar da zai saya. Amma tarihin Khartum da Omdurman, biranen nan da ke kallon juna a mahaɗar Farin Nilu da Shuɗin Nilu, ya nuna akwai tambayar da ta riga wannan: da izinin wa za a ɗauka?

Ranar 2 ga Satumba, 1898, rundunar Kitchener ta murƙushe Ansaru, mabiyan Mahadi, a Karari, arewa da Omdurman. Wasu daga cikin Turawan da ke tare da rundunar suna riƙe da ƙananan kyamarorin Kodak, waɗanda ba su buƙatar a tsayar da mutum ya daskare. Ɗaya daga cikinsu, Francis Gregson, ya haɗa kundin hotunan wannan yaƙi. A ciki akwai ƙubbar Mahadi da igwa ta huda, da fursunoni, da gawawwaki. Ba a nemi yardar kowa ba, domin wanda aka ci da yaƙi ba a shawara da shi. Bayan ƙura ta lafa, sai hoton titi ya zama haja. G. N. Morhig, mai kantin magani a Khartum, ya riƙa buga katunan gaisuwa ɗauke da 'yan kasuwa da masu ɗiban ruwa, Turawa na saye suna aikawa gida. A ƙasan kati akan rubuta sana'ar mutum ko ƙabilarsa, sunansa kuwa oho.

Da Sudan ta sami 'yancin kai ranar 1 ga Janairu, 1956, kyamara ta koma hannun 'yan ƙasa, amma galibi ta gwamnati ce. Gadalla Gubara, wanda ya yi aiki a sashen fina-finai na gwamnati, ya fitar da ɗan gajeren fim mai suna Khartum a 1960: faffaɗan tituna, sababbin motoci, wuraren shaƙatawa na dare. Aiki ne mai kyan gaske, sai dai birnin da hukuma ke son a gani ne ya fi fitowa a ciki. A 2008 hukuma ta rushe sutudiyonsa, a shekarar kuma ya rasu.

Zamanin Umar al-Bashir, daga 1989 zuwa 2019, izini ya zama takarda. Baƙo sai ya karɓi lasisin ɗaukar hoto, an kuma hana shi ɗaukar gadoji da barikoki, har da unguwannin talakawa da mabarata. Abin lura shi ne, takardar martabar gwamnati take karewa. Mai shayin da ke zaune a gindin bishiya ba ta da ta cewa a cikinta. Nata izinin da gaisuwa ake samunsa, a zauna a kujerarta, a sha shayi, a biya, sannan a fito da kyamara. Ko a zikirin Ƙadiriyya na yammacin Juma'a a hubbaren Hamad al-Nil da ke Omdurman, inda aka saba da masu ɗaukar hoto, akwai da'irar da baƙo ba ya ƙetarewa. Larabawan Sudan suna kiran hoto "sura", kalmar da Hausa ma ta ara da ma'anar siffa da kamanni. Ke nan mai ɗaukar hoto kamannin mutum yake tafiya da su.

A 2019 lamarin ya juye. Ranar 6 ga Afrilu jama'a suka fara zaman dirshan a gaban hedikwatar soja, kowa da wayarsa. Bayan kwana 2 Lana Haroun ta ɗauki wata ɗaliba, Alaa Salah, tsaye a kan mota cikin farin lulluɓi, ta ɗaga yatsa sama. Hoton ya zaga duniya kafin a hamɓarar da al-Bashir ranar 11 ga wata. Ya ɗaukaka Alaa, ya kuma jawo mata barazanar kisa. Bayan kisan gillar 3 ga Yuni, aka katse intanet. Ranar 19 ga Yuni, Yasuyoshi Chiba na kamfanin dillancin labarai na AFP ya ɗauki wani matashi yana rera waƙar bore cikin duhu, jama'a na haska shi da fitilun waya. Hoton nan ne ya ci babbar kyautar hoton jarida ta duniya a 2020. A waɗannan watanni fuskar da ta fito sarai a hoto tana iya zama shaida, tana kuma iya kai jami'an tsaro ƙofar gidan mai ita.

Tun da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojoji da dakarun RSF ranar 15 ga Afrilu, 2023, akan binciki wayoyin matafiya a shingayen hanya. Da yawa daga masu barin Khartum sai da suka goge hotunansu kafin su kama hanya.