Daga Burmi Zuwa Kartum: Ofishin Jakadancinmu da 'Yan'uwanmu na Sudan

Waɗanda muke zama tare a Kasuwar Muda Lawal ba za su manta da goman ƙarshe na azumin 2023 ba. Ranar Asabar, 15 ga Afrilu, yaƙi ya ɓarke a Kartum tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Mu muna nan Bauchi, nisan duniya tsakaninmu da su, amma sai ga abin ya iske mu har cikin rumfa. Maƙwabcinmu mai albasa ɗansa na karatu a can. Wani dillalin doya ƙanwarsa ke aure a Umdurman. Ciniki ya koma gefe, kowa waya a kunne, da dare kuma bayan tahajjud a matso kusa da mu a ce, "Malam, a sa yaran nan a addu'a." Tambayar da ta yi ta yawo a bakin mutane ita ce: ina ofishin jakadancinmu, me yake yi?

Wannan tambaya ce ta sa muka koma muka bi tarihin ofishin. Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne, tushensa ya girmi 'yancin kan Nijeriya, kuma ba don manyan mutane masu fasfo na alfarma aka kafa shi ba. Don talakawa matafiya aka kafa shi, irin kakanninmu.

Sai mun faro daga Burmi. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya ɗauki hanyar gabas da niyyar hijira, jama'a suka yi ta bin sa gari-gari, manoma da malamai da sarakuna. A Burmi, bakin kogin Gongola, Turawa suka tare su, kuma ranar 27 ga Yuli, 1903 Attahiru ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa. Yaranmu na yanzu suna jin Burmi kamar wata ƙasa ce can, alhali tana ƙasar Gombe, wadda jiharmu ɗaya da ita har zuwa 1996. Sarkin Misau Ahmadu ma yana cikin waɗanda suka bi Attahiru. Wato dai abin a ƙofar gidanmu ya faru.

Waɗanda Allah ya tsirar ba su juyo gida ba. Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello wanda ake kira Mai Wurno, ya ja ragowar jama'a suka ci gaba da nausawa gabas, har bayan 'yan shekaru suka sauka a bakin kogin Nilu Shuɗi, kudu da Sinnar. Garin da suka kafa sunansa yake ɗauke da shi har gobe, Mai Wurno, kuma zuriyarsa ke riƙe da sarautar garin.

Bayansu sai hanya ta buɗe. Mai niyyar Hajji ya sayar da ɗan abin da yake da shi, ya ɗauki iyali, a bi ta Maiduguri a shiga Fort Lami, wadda yanzu ake kira Injamena, a wuce Abeche, a tsallaka Jinaina, a bi ta Fashir har Ubayyid inda jirgin ƙasa yake, daga nan sai Sawakin a jira jirgin ruwan Jidda. A bakin faɗa kamar tafiyar mako guda. A ƙafa kuwa, da jaki, wani shekara uku, wani bakwai, wani ya tafi da jariri a goye ya isa Makka da saurayi. Guzuri kan ƙare a hanya, sai a tsaya a yi ƙodago. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, hannun mutanenmu ne ya tsinci kaso mai yawa na audugar nan. Wasu suka tara kuɗi suka wuce, wasu suka ce sai baɗi, baɗin da bai zo ba har suka haifi 'ya'ya da jikoki. Su ne Sudanawa ke kira Fallata, ko Takari, ba tare da sun bambance Bahaushe da Bafulatani da Babarbare ba.

To, a nan maganar ofishi ta shigo. A shekarun 1950 hukumomi suka fara tsananta maganar takardu. Sudan ta samu 'yanci ranar 1 ga Janairu, 1956, Saudiyya kuma tana son ta san wanda ke shigo mata da kuma ko yana da abin komawa. Mutumin da ya baro Katagum ko Ningi da allonsa da butarsa, ba fasfo ba shaidar allura, sai ya wayi gari ya maƙale, gaba ba hanya, baya ba guzuri. Shugabannin Arewa da suka fara zuwa Hajji ta jirgin sama sun ga halin da waɗannan bayin Allah ke ciki da idonsu. Aka buɗe ofishin kula da alhazai a Kartum, aka buɗe wani a Jidda, tun Ingila na riƙe da harkokin wajenmu. Alhaji Muhammadu Ngileruma, mutumin Borno, ya riƙe na Kartum, daga baya ya wakilci Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya. Marigayi Shaikh Abubakar Gumi kuma ya yi aikin jami'in alhazai a Jidda a ƙarshen shekarun 1950. Da aka samu 'yanci a 1960, lokacin da ɗan garin nan Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, Allah ya jiƙansa, yake Firayim Minista kuma yake riƙe da harkokin waje da kansa, Kartum na cikin wuraren farko da Nijeriya ta samu cikakken ofishin jakadanci, don an riga an yi shimfiɗa.

Aikin da irin wannan ofishi yake yi ba na ado ba ne. Wanda ba shi da takarda a yi masa takardar tafiya. Wanda aka tsare a je a ji dalili. Wanda ya rasu a nemi danginsa a kai musu labari da abin da ya bari. Wanda ya gaji a nema masa hanyar gida. Kuma ba yadda jami'i ɗaya ko biyu za su yi wannan daga kan kujera. Dole sai an bi ta hannun shehunan unguwanni da limamai da masu masaukin baƙi, don su ne suka san wane ɗan wane ne, daga wane gari ya fito. Duk wanda ya taɓa zama a zango ya san haka abin yake, ko a Kumasi ne ko a nan.

Gwamnatoci kuma suka ɗora nasu a kan wannan hanya da talaka ya share da ƙafarsa. Makarantar shari'a da aka buɗe a Kano a 1934, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci, malaman Sudan aka ɗauko suka koyar a cikinta. Shaikh Gumi da wasu abokansa sun yi karatu a Bakhtur Ruda ta Sudan a tsakiyar shekarun 1950. Da Gwamnatin Arewa ta so gyara tsarin kotuna a 1958, Alƙalin Alƙalan Sudan, Muhammad Abu Rannat, shi ya shugabanci kwamitin masanan, kuma kundin hukunta laifuka da Arewa ta kafa bayan nan a kan na Sudan aka tsara shi. Babban Alƙalin Arewa na farko ma Basudane ne, Shaikh Awad, kafin Gumi ya gaje shi a 1962. Mu da muka yi Islamiyya, da wuya ka bi salsalar malamanka ba ka ci karo da wanda ya sha ruwan Nilu ba. A baya-bayan nan kuma Nijeriya ta tura sojoji Darfur a 2004, kuma a Abuja aka sa hannu kan yarjejeniyar sulhun Darfur a watan Mayun 2006.

Amma akwai wani ƙulli a cikin lamarin, kuma shi ne ya fi damunmu. Mutanenmu a Sudan kashi biyu ne. Akwai mai fasfon Nijeriya: ɗalibi, ɗan kasuwa, mai neman magani. Wannan ofishin jakadanci na da hurumi a kansa. Akwai kuma jikokin mutanen Burmi da na alhazan ƙafa, waɗanda sun ninka na farko nesa ba kusa ba, suna jin Hausa kamar ni da kai, suna tuƙa tuwo suna dama fura, amma ba su taɓa taka Nijeriya ba. Su 'yan Sudan ne, haka suke ɗaukar kansu, haka kuma ya kamata a ɗauke su. Sai dai dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce ɗan asali shi ne wanda shi ko iyayensa ke zaune a ƙasar tun ranar 31 ga Disamba, 1897. Ku lissafa da kanku: Burmi 1903 ce. Shekara shida kacal ta jefa zuriya guda cikin wahalar neman takardar da suke kira jinsiyya. An sassauta dokar daga baya, har ta 1994 ta mayar da ma'aunin zuwa ranar 'yancin kai, amma abin da ya zauna a zukatan mutane doka ba ta goge shi dare ɗaya.

A 2008 wata jarida ta ruwaito cewa Shugaba Umar al-Bashir ya ce Hausawa ba 'yan ƙasa ba ne. Ya musanta, amma sai da aka yi zanga-zanga a Gadarif da Kasala da Bur Sudan. A watan Yulin 2022 kuma rikici ya tashi a jihar Nilu Shuɗi bayan Hausawa sun nemi a ba su masarautarsu, wasu ƙabilun wurin suka ƙi, suna cewa sarauta ta masu ƙasa ce. Sama da mutum 100 suka mutu, a watan Oktoba aka sake wani wanda ya fi shi muni. Mun tuna a lokacin matasa a kasuwa suna ta faɗa, wai me ya hana jakadanmu ya fito ya buga tebur? Mun fahimci zafin zuciyarsu, wallahi mu ma mun ji shi. Amma a duba da kyau. Ranar da jakadan Nijeriya ya tsaya ya ce "waɗannan mutanena ne", ya miƙa wa masu cewa baƙi ne hujjar da suke nema. In ya yi shiru kuma, mu a nan mu ce an yi watsi da jininmu. Gaba kura ce, baya sayaki. A ganinmu abin da ya rage wa ofishi a irin wannan hali shi ne magana a ɗaki da hukumomin ƙasar, da buɗe ƙofa ga sarakuna da malamanmu su yi ta'aziyya da agaji a matsayin dangi, ba a matsayin gwamnati ba. Mu da muke zaune a garin da kakanninmu suka zo suka tarar da masu shi, bai kamata wannan ya yi mana wuyar ganewa ba.

Mu dawo kan 2023. A nan kam masu fasfo ne, ba wani ƙulli. Gwamnati ta sanar da cewa ta yi hayar motocin safa 40 a kan dala miliyan 1.2. Ofishin jakadanci tare da hukumar agajin gaggawa ta NEMA da hukumar 'yan Nijeriya mazauna waje ta NiDCOM suka shirya kwashe mutane, akasari ɗalibai, kuma harabar Jami'ar Afirka da ke Kartum na cikin wuraren da aka tara su. Motocin farko sun tashi ranar 26 ga Afrilu, bayan Sallah da kwana biyar, suka nufi iyakar Masar. Kowa ya ga hotunan da suka yi ta yawo a waya: direbobi sun tsaya a cikin sahara suna cewa sai an cika musu kuɗi, ga yara a bakin iyaka kwana da kwanaki Masar ba ta buɗe ba, sai da maganar ta kai ga shugabannin ƙasashen biyu. Ranar 3 ga Mayu da dare rukunin farko, mutum 376, suka sauka a Abuja daga Aswan, a jirgin Air Peace da na sojojin sama. Wasu aka bi da su ta Bur Sudan. Kafin tsakiyar watan an dawo da sama da mutum 2,000. Ɗan maƙwabcinmu na cikinsu. Ranar da ya iso, uban ya raba albasa kyauta, mu kuma muka yi masa tsiya cewa da ma kullum a riƙa dawo masa da ɗa.

An yi ta zargi a lokacin, kuma wani zargin yana kan hanya. Amma mu ma da namu. Iyaye nawa ne a cikinmu suka tura yaro karatu ta hannun wani malami ko ɗan'uwa, ba su taɓa ce masa ya je ofishin jakadanci ya rubuta sunansa ba? Wasu fasfonsu ya ƙare tun tuni. Wasu ba su cikin ƙungiyar ɗalibai, alhali da jerin sunayen ƙungiyoyin nan aka yi ta aiki wajen cika motoci. Jami'an farko na zamanin Ngileruma ta hannun shehunan unguwa suke gano mutane. Na yanzu ta hannun ƙungiya da lambar waya.

Su kuwa 'yan'uwanmu na kashi na biyu, ba motar da ta je ɗaukarsu, don ba inda za a kai su. Can ne gidansu. Wad Madani, babban birnin Jazira, ya faɗa hannun RSF a watan Disamba na 2023, Sinja ta jihar Sinnar ta bi a watan Yunin 2024, kafin sojoji su ƙwato su daga baya. Yankunan da jikokin alhazan ƙafa suka fi yawa ke nan. Ƙanwar dillalin doyan nan da muka ambata, da ita da mijinta da yara huɗu sun yi ƙaura sau uku, yanzu suna Kasala.

Mun yi shawara da dattawan masallaci, mun buɗe littafi. Duk mai ɗa ko ɗan'uwa a wata ƙasa, Sudan ce ko Masar ko Libiya ko Saudiyya ko Nijar, ya zo bayan La'asar ranar Juma'a ya ba da suna, da garin da yake, da lambar wayarsa, da ranar da fasfonsa zai ƙare. Wanda ɗan'uwansa ba shi da fasfon Nijeriya ma ya zo, akwai shafinsu daban. Littafin yana hannun ladan.