Zalika Sule, Macen da ta Buɗe Ƙofar Silima

Dattawan Sabon Birni da na Isa ba su manta da zamanin majigi ba. Mota takan zo ƙofar fada, a kafa farin ƙyalle, in dare ya yi a haska hotuna masu motsi a kan noman auduga ko tsabtar gari. Amma da wuya mai kallo ya tsaya ya tambayi kansa, shin matar nan da ke cikin hoton, ina ta fito, kuma me ya same ta bayan an naɗe ƙyalle? To, ga labarin ɗaya daga cikin irin matan nan, 'yar maƙwabtanmu na Nijar.

An haifi Zalika Sule a Yamai cikin 1947, tun ƙasar tana hannun Faransa. A lokacin nan, samarin Yamai ba su da abin kallo kamar siliman kaboyi na Amurka, masu dawaki da bindigogi. Sai wani mai hikima, Mustafa Alasan, ya ga ya kamata a nuna wa mutane abin da kallon nan ke jawowa. Cikin 1966 ya shirya Le Retour d'un aventurier, watau komowar ɗan yawon duniya. Labarin wani saurayi ne da ya komo gida da akwati cike da tufafin kaboyi, ya rarraba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi gari. Mace guda ce cikin taron nan, ita ce Zalika, tana da shekara kamar 19, ta sa wando ta hau doki.

Daga nan Umaru Ganda ya ɗauke ta. Shi tsohon soja ne, ya yi wa Faransa yaƙi a Indocina, can gabashin duniya. Silimansa Cabascabo labarin soja ne da ya komo da kuɗi, abokai da mata suka taya shi cinyewa, aka watse aka bar shi. An nuna shi a babban taron silima na garin Kan, a Faransa, cikin 1969. Sa'an nan suka yi Le Wazzou polygame, labarin wani Alhaji mai mata biyu da ya nemi ta uku. Zalika ta fito a matsayin kishiya wadda zafin kishi ya kai ta ga kisan kai. Wannan silima shi ya ci babbar kyauta a taron Wagadugu cikin 1972, sunan Nijar ya ɗaukaka ko'ina cikin Afirka.

To, a nan wahala ta ɓullo. Mutane da yawa ba su rarrabe tsakanin mai wasa da halin da aka ba shi ya kwaikwaya ba. Wanda ya gan ta mazinaciya ko muguwar kishiya a jikin ƙyalle, sai ya ɗauka haka take a gida. A ƙasashen waje ana tarbarta da girma, a garinsu kuwa ana yi da ita, ana zunɗenta. Alhali kuwa ko cikin wasan tashe na watan azumi, yaro yakan sa gemun auduga ya zama tsoho, ba wanda ke tsammanin ya tsufa. In ba a sami wanda ya yarda ya fito mugu ba, ina za a ga sakamakon mugunta har a yi hankali?

Umaru Ganda ya rasu cikin 1981, sana'ar silima a Nijar kuwa ta yi ta ja da baya don rashin kuɗi. Zalika ta tashi da suna, hannu babu kome. Cikin 2004 Rahmatu Kaita ta fitar da silima a kan rayuwarta, mai suna Al'lèèssi. A ciki aka ga yadda take zaune da 'ya'yanta cikin ƙunci a Yamai, aka kuma ji har sai da ta tafi ƙasar waje aikatau a gidan mutane.

Ko a Amurka an yi makamancin wannan. Hattie McDaniel, wadda iyayenta dā bayi ne, ita ce baƙar fata ta fari da ta ci kyautar Oscar, cikin 1940, don rawar baiwa da ta taka cikin Gone with the Wind. Ran bikin ba a bar ta ta zauna teburi guda da Turawan da suka yi wasan tare ba. Waɗansu 'yan'uwanta baƙaƙe kuma suka zarge ta da yawan fitowa baranya. Daga baya ta yi wasan Beulah a rediyo da talabijin, ta rasu cikin 1952.

Zalika ta rasu a Yamai cikin Yuli 2021, Allah ya ji ƙanta. Yau matan Kano da na Kaduna masu wasan Hausa ba su ƙirguwa, ana kallonsu daga Isa har Maraɗi, kuma har wa yau ana jifansu da irin maganar da aka jefe ta da ita. Wanda ya ga kishiya mai makirci a jikin ƙyalle, ya tsine wa makircin, ya bar matar da mutuncinta.