Daga Takardar Haraji Zuwa Katin Zaɓe

Yaron Gyallesu a Zariya da ya cika shekara 18 yau, abin da ya rage masa kawai ya je INEC ta ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Kakansa bai san wannan lissafi ba. A zamanin En'e ba a tambayar ranar haihuwa, don kaɗan ne ke da ita a rubuce. Mai unguwa zai dubi saurayi, ya ga gemu ya fara tsiro, ƙafaɗa ta isa ɗaukar garma, sai ya sa sunansa cikin masu biyan haraji. Daga ranar ya shiga sahun manya. Shi ya sa a zaɓen 1951, wanda aka yi hawa-hawa, namiji mai biyan haraji ne ke da bakin magana a Arewa.

A zaɓen tarayya na 1959 ma'auni ya koma shekara 21, amma a Arewa ga maza kaɗai. Mace ko ta yi jikoki, ba ta da ƙuri'a. Nan Zariya Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU, wadda aka aurar tana shekara 13, ta yi ta shiga kurkuku a gwagwarmayar da wannan haƙƙi ke cikinta. An yarda ta isa riƙe gida, ba a yarda ta isa zaɓen wakili ba. Sai a 1976 matan Arewa suka samu.

Ingila ta sauko da shekarun zaɓe zuwa 18 a 1969, Amurka a 1971, tsarin mulkin Najeriya na 1979 ya bi sahu. Wasu na cewa kwaikwayon Turawa ne, amma ɗaliban shari'a da ke Kongo, maƙwabtan Gyallesu, sun san cewa a mazhabar Malikiyya wanda alamun balaga ba su bayyana gare shi ba, da cikar 18 ake hukunta ya balaga.

Abin da ya fi burge ni da 1979 shi ne, gwamnan da zaɓen wannan shekarar ya kawo Kaduna, Balarabe Musa, shi ya soke haraji da jangali. Takardar da ta daɗe tana shaidar girman namiji ta tafi daidai lokacin da katin zaɓe ya karɓi aikinta.

Tsayawa takara kuwa sai da aka jira 2018, lokacin da Buhari ya sa hannu aka rage shekarun ɗan majalisar jiha da na wakilai daga 30 zuwa 25. Kujerar gwamna da ta sanata suna nan a 35.