Kamun Eichmann da abin da littattafai ke tsallakewa

A daren 11 ga Mayun 1960, jami'an leƙen asirin Isra'ila suka cafke wani ma'aikacin kamfanin Mercedes-Benz a titin Garibaldi da ke wajen birnin Buenos Aires. Takardunsa na ɗauke da sunan Ricardo Klement. Shi ne Adolf Eichmann, jami'in Nazi da ya tsara jigilar Yahudawan Turai zuwa sansanonin kisa. An yi masa shari'a a birnin Ƙudus a 1961, aka rataye shi a 1962.

Littattafan da aka rubuta don jama'a sun fi son wannan dare, domin yana da ɓadda kama da jirgin sama da zullumi. Daga nan mai karatu yakan ɗauka cewa duniya ta shekara goma sha biyar tana farautar mutumin ba dare ba rana. Takardun tarihi sun nuna akasin haka. Eichmann ya isa Ajantina a 1950 da takardar tafiya ta ƙungiyar Red Cross, iyalinsa suka biyo shi, 'ya'yansa ma ba su canza sunan mahaifinsu ba. Hukumar leƙen asirin Jamus ta Yamma ta san inda yake tun 1952, ba ta motsa ba, domin tsofaffin 'yan Nazi da yawa sun riga sun koma aikin gwamnati.

Wanda ya tona asirin shi ne Lothar Hermann, makaho ɗan gudun hijira, wanda 'yarsa ta san ɗan Eichmann. Ya aika wasiƙa ga Fritz Bauer, babban mai gabatar da ƙara na jihar Hesse. Bauer bai yarda da abokan aikinsa ba, sai ya miƙa labarin ga Isra'ila a asirce a 1957.

Ƙagaggen labarin Frederick Forsyth na 1972 ya ƙara wa tatsuniyar ODESSA ƙarfi, wato wata ƙungiyar ɓoye mai tserar da jami'an SS. Masana tarihi ba su sami shaidar irin wannan ƙungiya ba. Abin da suka samu ya fi muni: limaman coci irin su Bishop Alois Hudal a Roma, ofisoshi masu ba da takardu ba bincike, da gwamnatin Perón mai maraba da su. Ɓarawo ba ya shiga gari sai da ɗan gari.

Josef Mengele, likitan Auschwitz, ya nutse a teku a Brazil a 1979, bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba. Ƙarshensa ya fi kama da na yawancinsu.