Asalin Sunan Washington a Takardun Gundumomin Ingila da Virginia

A cikin watan Disamba na 1791 Sir Isaac Heard, shugaban ma'aikatan da ke tsare littattafan salsalar manyan gidajen Ingila, ya rubuta wa George Washington, shugaban ƙasar Amurka na farko, yana tambayarsa asalin kakanninsa. Washington ya ba da amsa a watan Mayu na 1792. Ya ce al'amari ne da bai taɓa mai da hankali a kansa sosai ba. Abin da ya sani shi ne, waɗansu 'yan'uwa biyu, John da Lawrence, sun ƙetaro teku daga Ingila zuwa Virginia wajen 1657, kuma tun yana yaro ya kan ji ana cewa gidansu daga arewacin Ingila ya fito. Iyakar abin da ke bakin dangi ke nan bayan shekara 135. Sauran labarin yana kwance cikin littattafan majami'u da na alƙalai da takardun wasiyya na gundumomi, kuma sai da aka yi kusan shekara ɗari ana tono kafin a haɗa shi daidai.

Gunduma a nan ita ce yankin mulkin da Ingila ta rarraba ƙasarta a kai tun zamanin da, ta kuma kai tsarin ƙasashen da ta mallaka a Amurka. A Virginia kowace gunduma tana da ɗakin shari'a da magatakarda, shi ke rubuta cinikin gona, da wasiyya, da lissafin kayan mamaci. A Ingila kuwa, a lokacin da ake magana, wasiyya tana hannun kotunan majami'a, kuma tun 1538 aka umarci kowane limamin ƙauye ya riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza.

Sunan kansa sunan gari ne. Akwai wani ƙauye a tsohuwar gundumar Durham, a arewa maso gabashin Ingila, wanda tsofaffin takardu ke rubuta shi Wessington ko Wessyngton. Kalmar gaɓa uku ce a tsohon Ingilishi. Ta ƙarshe, tun, ma'anarta gona ko ƙauye. Ta tsakiya, ing, tana nufin mutanen wane ko zuriyar wane, kusan aikin da ɗafin -awa ke yi a Hausa, kamar a Gobirawa ko Sulluɓawa. Ta farko sunan mutum ce, masana sunayen wurare sun kasu tsakanin Wassa da Hwaessa. Ke nan ba abin da ya haɗa sunan da kalmar Ingilishi ta wanki, ko da yake kunne ya ja rubutun zuwa can daga baya.

Babban ƙidayar ƙasa da Sarki William ya sa aka yi a 1086 bai kai Durham ba. Abin da ya cike gurbinsa shi ne Littafin Boldon, wanda Bishof Hugh na Durham ya sa aka tsara a 1183 don sanin abin da kowane mai riƙon ƙasa ke biyansa. A ciki aka ambaci wani William de Hertburn, wanda ya ba da ƙauyen Hartburn aka musanya masa da Wessington, ban da majami'a da gonakinta. Harajinsa fam 4, kuma wajibi ne ya fita babban farautar Bishof da karnuka biyu. Daga nan William da 'ya'yansa suka koma ana ce musu de Wessington, watau na Wessington. Abin lura shi ne, a ƙarni na 12 irin wannan suna yana bin ƙasa ne: mutum ya sauya gona, ya sauya suna. Sai a hankali ya daskare ya zama abin gado, kalmar de ta faɗi, jikoki suka ɗauke shi zuwa inda ba su da ko taki ɗaya na ƙauyen. Malaman da suka san rajistar makarantun Arewa ba za su ji wannan baƙo ba, gama ta haka sunan gari ya manne wa Abubakar Tafawa Balewa da Shehu Shagari da Aminu Kano, har a waɗansu gidaje 'ya'ya suka gaje shi.

Babban reshen gidan ya ƙare ga 'ya mace, ƙauyen ya bi ta zuwa gidan Tempest. Ƙaramin reshe ya zauna a Warton cikin gundumar Lancashire, saboda haka abin da George ya ji yana yaro ba ƙarya ba ne. Daga Warton wani Lawrence Washington ya gangara kudu, ya yi arziki da cinikin ulu, ya riƙe sarautar magajin garin Northampton a 1532 da 1545. A 1539 ya sayi ƙasar Sulgrave daga hannun Sarki Henry na 8, bayan da Sarkin ya ƙwace dukiyar gidajen sufaye.

A nan Heard ya yi tuntuɓe. Ma'aikatansa na da sun saba zagaya gundumomi suna rubuta salsalar masu ƙasa, kuma a littafin zagayen Northamptonshire na 1618 ya ga wani Lawrence, jikan mai ulu, wanda ya rasu a 1616, yana da 'ya'ya maza, cikinsu akwai John da Lawrence. Sunaye sun dace, wa da ƙane ne, sai ya ɗauka su ne suka tafi Virginia. Shi dai zato ya yi, amma marubutan da suka biyo baya, har da Jared Sparks mai tarihin rayuwar Washington, suka mai da zaton tabbas. Wajen 1866 wani Ba'amurke mazaunin Landan, Kanar Joseph Chester, ya rushe ginin. Ya nuna wancan John shi ne Sir John Washington na Thrapston, ya tsufa ya mutu a Ingila, wancan Lawrence kuma limamin majami'ar Purleigh ne a gundumar Essex, ya rasu kafin 1657. Chester ya rasu a 1882 bai sami na gaskiya ba. Duk da haka aikinsa bai gaza na wanda ya samo ba, domin gidan da ke maimaita John da Lawrence kowane tsatso tarko ne, kuma dacewar suna kaɗai ba hujja ba ce.

Wanda ya kwance ƙullin shi ne Henry Waters, ya buga sakamakonsa a 1889. Ya fara da wata 'yar takardar rabon gado ta 1677 wadda ta ce wani Lawrence Washington, mutumin Luton a gundumar Bedfordshire, ya rasu a Virginia. Ya bi garuruwan da ke kewaye da Luton har ya kai Tring a gundumar Hertfordshire, inda littafin majami'a ya nuna an yi wa Lawrence ɗan Lawrence Washington baftisma a 1635. Sa'an nan ya sami wasiyyar wani Andrew Knowling na Tring, ta watan Janairu 1650, wanda ya bar kyauta ga agolarsa Amphillis Washington da 'ya'yanta shida: John, Lawrence, William, Elizabeth, Margaret da Martha. Cikin takardun wannan gado akwai sunan wani Lawrence Washington mai digiri na biyu, kuma mai wannan digiri da wannan suna a lokacin shi ne limamin Purleigh, tsohon malami a kwalejin Brasenose ta jami'ar Oxford. Ashe Heard gida ya samu daidai, tsatso ɗaya ya tsallake. Limamin da Chester ya fitar daga lissafi shi ne uban matafiyan.

Wannan ya kuma bayyana dalilin tafiyar. A 1643, cikin yaƙin basasa tsakanin Sarki Charles na 1 da Majalisa, an kori limamin daga Purleigh bisa zargin yawan zama a mashaya, ko da yake laifinsa na fili shi ne goyon bayan Sarki. Ya ƙare a wata ƙaramar majami'a mai ɗan abin samu, matarsa ta rasu a Tring a 1655. 'Ya'yan da ba su gaji gona ba suka nemi teku. Shi ma Waters bai tsira daga kuskure ba: ya zaci sunan gidan su Amphillis Roades ne, bincike na baya ya tabbatar Twigden ne.

Tabbacin ya zo daga ɗaya gefen tekun. Wasiyyar John, wadda ya rubuta a Virginia a 1675, ta ambaci ɗan'uwansa Lawrence da ƙanwarsa Martha. Ita kuma Martha, wadda ta biyo su ta auri wani Hayward a gundumar Stafford, ta ambaci 'yan'uwanta Elizabeth da Margaret a wasiyyarta ta 1697. Sunaye biyar cikin shida na wasiyyar Knowling ke nan suka sake fitowa a matsayin 'yan ɗaki ɗaya.

An kafa gundumar Westmoreland ta Virginia a 1653, kuma ta yi sa'a littattafanta na farko sun tsira, alhali gundumomi da dama sun aika da nasu birnin Richmond don tsaro a lokacin yaƙin basasar Amurka, gobarar Afrilu 1865 ta cinye su. Daga littattafan Westmoreland aka san John ya zo ne a wani ƙaramin jirgin fataucin taba wanda ya kafe a kogin Potomac a farkon 1657, ya yi rigimar kuɗi da abokin cinikinsa Edward Prescott, wani mai ƙasa Nathaniel Pope ya tsaya masa, daga bisani ya ba shi 'yarsa Anne da eka 700. A 1659 John ya kai ƙarar Prescott a Maryland, cewa an rataye wata mata a jirginsa bisa zargin maita. Da aka kira shi ba da shaida ya rubuta cewa ba zai sami zuwa ba, don ranar ta zo daidai da baftismar ɗansa. Wannan uzuri shi ya tsayar da shekarar haihuwar Lawrence, kakan George. Lawrence ya haifi Augustine a 1694, Augustine ya haifi George. Ranar haihuwar George ma tana bukatar kula: a lissafin lokacin 11 ga Fabrairu 1731 ce, domin kafin 1752 shekarar Ingila tana farawa ran 25 ga Maris, a lissafin yanzu kuwa 22 ga Fabrairu 1732.

George Washington bai haihu ba. Amma a ƙidayar Amurka ta 2000 an sami mutum 163,036 masu wannan suna, kashi 90 cikin ɗari baƙar fata ne. Mai bin salsalar waɗannan zai tarar da littattafan gunduma sun juya masa baya. Jerin da George ya rubuta a 1799 ya nuna bayi 317 a gandunsa na Mount Vernon, 123 nasa na kansa, akasarinsu da suna guda ɗaya tak. Ƙidayar 1850 da ta 1860 sun lissafta bayi ƙarƙashin sunan ubangijinsu, da shekaru da jinsi da launi, ba suna. Sai a 1870, bayan hana bauta a 1865, aka fara rubuta su da cikakken suna, kuma da yawa a tsakanin nan suka zaɓi Washington da kansu, ba tare da wata alaƙa da Mount Vernon ba.

Sanannen misali shi ne Booker T. Washington, wanda ya shugabanci makarantar Tuskegee tun buɗe ta a 1881. An haife shi bawa a gundumar Franklin ta Virginia a 1856. A lissafin kayan ubangijinsa James Burroughs na 1861 an rubuta shi Booker kawai, an yi masa kuɗi dala 400. Shi da kansa ya ba da labarin cewa ran da ya shiga makaranta a Malden ya ji kowane yaro yana da suna biyu, da malami ya zo kansa sai ya ce Booker Washington. Mijin uwarsa kuwa sunansa Washington Ferguson, kuma ma'aikacin ƙidayar 1870 da ya zo gidansu ƙarƙashin sunan Ferguson ya rubuta yaron.