Sabunta Windows: Abin da mai larurar gani ya kamata ya auna kafin ya yanke shawara

Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na kyauta da ya saba fitarwa. Ga mai gani, komawa Windows 11 aikin yini guda ne. Ga makahon da kwamfuta ke yi wa karatu da murya kuwa, kuskure ɗaya a lokacin sabuntawa na iya barin sa da na'urar da ta yi shiru, ba tare da ya san abin da ke kan allo ba.

Lamarin ya fi nauyi a gari irin Illela da ke kan iyakar Jihar Sakkwato da Birnin Ƙonni na Jamhuriyar Nijar, inda wutar lantarki ba ta da tabbas, kuɗin data ke da tsada, kuma mai gyaran da ya san manhajar makafi ba a kowace rumfa ake samun sa ba.

Manhajojin da ke karanta allo

Uku ne suka fi shahara a Windows. JAWS ta kamfanin Freedom Scientific ce a Amurka, kuma sayen ta ake yi. NVDA kyauta ce. Wasu makafi biyu 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, ne suka gina ta, aikin da ya faro a 2006. Ta uku ita ce Narrator, wadda ke zuwa a cikin Windows ɗin kansa. Dukkansu sun dogara ne ga babbar manhajar kwamfuta wajen sanin abin da za su furta, shi ya sa duk sauyin da aka yi mata ke shafar su kai tsaye.

Haɗarin jinkiri

Windows 10 ba ta daina aiki ba, sai dai duk wata ɓarakar tsaro da aka gano daga baya ba za a toshe ta ba, in ban da ga waɗanda suka shiga shirin ƙarin wa'adi na Microsoft, wanda zai ƙare ga ɗaiɗaikun mutane ranar 13 ga Oktoba, 2026. Wanda ke hulɗar banki ko ajiye takardun aiki a kwamfutarsa shi ne ya fi shiga haɗari.

Masu ƙera manhajar karatu su ma suna janye hannu a hankali. Microsoft ya yi sallama da Windows 7 a Janairun 2020, sannan NVDA ta daina aiki a kanta daga fitowar 2024.1. Wanda ya tsaya a tsohuwar Windows, ƙarshenta zai tsaya a tsohuwar manhajar karatu, wadda ke iya gaza karanta sababbin shafukan intanet.

Haɗarin gaggawa

Sabuwar fitowa takan zo da matsalolin da ba a gano ba. Bayan fitar da Windows 11 samfurin 24H2 a Oktoban 2024, Microsoft ya dakatar da ba da ita ga wasu kwamfutoci saboda sautinsu yana ɗaukewa. A wurin makaho, ɗaukewar sauti daidai yake da mutuwar na'ura. Haka kuma, fitowar NVDA ta farko a kowace shekara kan sa wasu ƙananan manhajojin da ake ƙara mata su daina aiki har sai masu su sun gyara.

Ko kwamfutar za ta ɗauka?

Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, tana buƙatar ƙwaƙwalwar aiki ta aƙalla gigabait 4, ma'ajiya mai gigabait 64, da ɓangaren tsaro na TPM 2.0. Yawancin kwamfutoci masu injin Intel da ya girmi zubi na takwas ba su cika sharaɗin ba, kuma irinsu ne suka yi yawa cikin tokumbo. Wasu masu gyara kan tsallake sharuɗɗan su ɗora ta da ƙarfi, amma Microsoft ya ce ba ya ba irin wannan na'ura tabbacin samun gyare-gyare.

Akwai kuma abin lura na musamman ga mazauna iyaka. Kwamfutar da ta shigo ta ɓangaren Nijar na iya zuwa da Windows na Faransanci da jerin maɓallai na AZERTY maimakon QWERTY. Idan aka zaɓi tsarin da mai ita bai saba da shi ba lokacin ɗora sabuwar manhaja, haruffa irin A da Q za su musanya wuri, kalmar sirri ta ƙi shiga, alhali da yatsu kaɗai yake gane hanya.

Lokacin da ya dace

Hanya mafi aminci ita ce a jira wasu watanni bayan sabuwar fitowa, har masu manhajar karatu su sanar da cewa tasu ta dace da ita. A fara sabunta manhajar karatun, sannan Windows. A kwafe muhimman takardu a filashi, tare da kwafin NVDA mai tashi daga filashi ba sai an girke shi ba. A haddace Ctrl da Windows da Enter, maɓallan da ke tayar da Narrator ko da sauran sun yi shiru. A tabbatar batiri ya cika ko akwai sola, data kuma ta wadata, domin saukewar kan ci gigabait da dama. Kada a soma ana gab da jarrabawa ko miƙa aiki, kuma a samu mai gani a kusa.

Idan aka sabunta ta cikin Windows aka ga matsala, akwai kwanaki 10 na komawa tsohuwar. Wanda mai gyara ya goge wa komai ya ɗora sabuwa ba shi da wannan damar, don haka a yi wannan magana da shi kafin a miƙa masa kwamfutar.